Kwalbar da Na Wanke a Fadama

In ana neman wawan wannan labari ba sai an yi nisa ba, ga ni. Aji huɗu na yi a firamare, amma duk unguwarmu ni ne likita, ni ne alƙali.

Shekarar nan, bayan mun gama sussukar shinkafa, tari ya kama ni ya ƙi saki har sati uku. Ƙanena, wanda muke cin tuwo a kwano ɗaya a zaure tun rasuwar mahaifinmu, ya matsa sai na je asibiti a Argungu. Wata malamar asibiti, sa'ar ɗiyata, ta ba ni 'yar kwalbar roba, ta ce in tofa majinar ƙirji da sassafe in rufe in kawo.

Bayan asuba na wuce fadama da kwalbar a aljihu. Na buɗe, na shinshina, na ji warin roba. Na ce yaran zamani ba su san tsabta ba. Na duƙa bakin kwarin shinkafa na ɗauraye ta sau uku kamar mai alwala, na kurkure baki da ruwan, sannan na tofa.

Sakamako ya fito: an ga ƙwayar tarin fuka a madubin duba ƙwayoyin cuta. Malamar ta duba ni sama da ƙasa, ta ce ban rame ba, ba na zufa cikin barci, don haka za ta sake karɓar wata majinar nan gabanta ta aika Birnin Kebbi, inda na'ura ke tantancewa. Na tofa mata, amma ban tsaya jin sauran ba. Takarda ta riga ta faɗa, kuma ni mai karanta takarda ne.

Ran nan na sa aka ware mini kwano da moɗa. Da aka kawo tuwo na ja tabarmata can bakin ƙofa. Ƙanena ya ce, "Yaya, mi aka yi?" Na ce ilimi ne, ba zai gane ba. Ya yi loma biyu ya ture nasa. Kwana tara muna haka. Ban san tuwo na da nauyi ba sai da na ci shi ni kaɗai, ina jin tsoho ɗan'uwana yana tauna a bayana, ba mai ce wa wani miyar ta yi gishiri. Mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar wannan zama ba.

Da na koma, malamar ta ce na'ura ba ta ga komai ba, ƙaiƙayin shinkafa ne ya ɓata mini ƙirji. Na gyara hula, na ce to wa ya yi ƙarya, ita ko madubinta?

"Baba, mi ka yi ma kwalbar farko?"

Na faɗa mata, har da alfahari. Ta dafe kai. Ta ce cikin ruwa da laka akwai wasu ƙwayoyi masu kama da ta tarin fuka, kamar shinkafar daji cikin ta gona, ido a madubi ba ya raba su, sai na'ura. Shi ya sa in sakamako bai yi kama da mai shi ba ake sake gwaji kafin a ɗora mutum kan maganin wata shida. Wato fadamarmu aka gwada, ba ni ba.

A hanya na yi ta tunani. Takardar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta ta faɗa. Ni ne na ɗauki maganar farko na yanke wa kaina hukunci, na haɗa da ɗan'uwana da bai ji ba bai gani ba.

Da na iso an riga an kawo tuwon rana. Na zauna gaban kwanon ƙanena, na fara bayanin yadda ni da likitoci muka gano bakin zaren.

Ya turo mini ruwan wanke hannu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Ci, Yaya. Amma in mun ƙare, wanga kwano ka bar ma mata su wanke."