Jan Takalmin Almu Mai Faci

Duk wanda ya san Ƙofar Kaura ya san Almu mai faci, ya kuma san jan takalmin ƙwallon da ke rataye a ƙusa, saman injin iskarsa. Ba na sayarwa ba ne, kada ma mutum ya taya.

Almu haihuwar unguwar ne. Tun yana saurayi yake tsaron baya a kulob ɗin Ganuwa. Shi ne sharar fili, shi ne zuba toka a layi, shi ne kwasar jesi ya kai wa yayarsa Mairo ta wanke. In an sha kashi, shi ake bi da zagi har zaure. Amma kulob ɗin yana da wata muguwar al'ada, irin ta mutanenmu da ba sa ganin tsawon na gida: duk ɗan wasan da ya rabu da kulob ɗinsa aka jawo shi daga waje, sai uban kulob, Alhaji Maitama, ya saya masa sabon takalmi a kwali, a taryo shi da jerin babura ana danna hon. Ɗan gida kuwa ya tafi gwanjo ya tsinto wa kansa, ko da wari da wari ne. Wannan ai cin fuska ne tsagwaronsa.

Shekarar da aka kawo Nu'uman daga Batagarawa, don tsabar rashin ta-ido, Almu aka sa ya goyo shi a babur. Yana tuƙi, kwalin jan takalmi yana zungurar bayansa, yara na ihun sunan baƙo. Ga shi kuma Nu'uman ya iya ƙwallo, har kofi ya ciyo musu. Da ma bai iya ba, da da sauƙi.

Sai Almu ya yi shawara da zuciyarsa: tunda baƙo ake yi wa gata, bari ya zama baƙo. Ya tattara ya koma wani kulob a Ƙofar Kwaya. Kakar wasa guda ya yi can yana shan gori, Mairo ta ce ko safarsa ba ta ƙara wankewa. Daga nan ya ajiye musu jesinsu, ya aika wa Alhaji Maitama cewa yanzu ba shi da kulob. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, amma al'ada al'ada ce. Aka je Ƙofar Kwaya da babura aka ɗauko mutumin da gidansa ke kallon filin wasa.

Takalmi kuwa, Almu ya kafe sai ja, irin na Nu'uman sak. Guda ɗaya aka samu a kasuwa, ya yi masa kaɗan. Ya cusa ƙafa, ya cije, ya ce daidai ne. A wasan farko yana ɗingishi ɗan gaba ya wuce shi kamar an dasa shi. A na biyu ya ci gida. Kafin kaka ta ƙare farcen babban yatsansa ya fita, benci ya zama gidansa, ƙwallo ta ƙare.

Yanzu duk sun aje tumbi. Bayan la'asar tsofaffin 'yan wasan kan taru a rumfarsa, hirarsu ɗaya: wane ne mafi muni cikin waɗanda aka taɓa ɗaukowa? Kullum Almu ke riga kowa, kullum kuma sunan Nu'uman yake kira.

Ran nan sai ga Nu'uman da kansa, yanzu Alhaji ne mai sayar da taki, ya kawo facin taya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gona, aka ba shi wuri.

Tanko, tsohon golansu, ya ce, "Ni dai gwanina mutumin Funtuwa, wanda ya zo da gwiwa a naɗe ya ce ado ne."

Almu ya ce, ba tare da ya ɗago daga tayar ba, "Akwai wanda ya fi shi. Mai son kai, ba ya ba kowa ƙwallo."

Tanko ya ce, "Wanda ya ciyo mana kofin? Malam Almu, ka ji tsoron Allah. To kai fa? Ni ka ɗura wa ƙwallo, ina kiran sunanka!"

Rumfa ta kece da dariya. Nu'uman ya ɗaga hannu, shi a dole mai kirki.

"Haba Tanko, ku bar shi. Almu ai ba ya cikin lissafi. Ɗan gida ne, yawo ya je ya dawo. Ba ɗauko shi aka yi ba."

Nan Almu ya saki tayar. Zagin Tanko bai taɓa shi ba, amma wannan? Kaka guda ta gori, da farcensa, a share su da baki ɗaya? Ya fizgo takalmin daga ƙusa ya dangwara a benci.

"Mi ka ce? Wannan ɗan gida ake ba? Babura nawa suka zo tarbarka, Alhaji? Nawa sun fi naka, a tambayi Tanko!"

Tanko ya share hawayen dariya. "Wallahi sun fi. To ka yarda kai ne na ɗaya?"

"Ni ne. Shi ya biyo baya."

Ya goge takalmin da gefen rigarsa, ya mayar ƙusa, ya gyara masa zama yadda Nu'uman zai gan shi da kyau, sannan ya koma kan tayar.