Fayil Ɗin Baba Modu

Har na yi ritaya ban manta da Litinin ɗin da aka ajiye mini fayil ɗin Baba Modu ba. Ni ce jami'ar kula da ma'aikata a wani ofishi kusa da unguwar GRA, a shekarun da bam ke tashi a tashoshin motar Gombe. Duk mai shigowa sai an caje shi. Baba Modu, mai gadinmu da rikici ya koro daga Barno, shi ke riƙe da na'urar cajen.

Da hantsi aka same shi yana gyangyaɗi, mota ta shige ba wanda ya duba ta. Ashe mai kawo ruwa ne, amma sai da muka watse waje a guje. Karo na uku ke nan, kuma a ƙa'idarmu takardar tuhuma uku kora ce.

Maimakon amsa tuhumar, takardar likita ya kawo. Wai numfashinsa kan ɗauke in yana barci, ya yi ta farkawa a firgice, shi ya sa barci ke kayar da shi da rana. Ƙa'idar ta ce mai nakasa ba a korarsa, sauya masa aiki ake yi. Na duba fom ɗin nakasa: makanta, kurumta, gurguntaka. Babu nasa.

Na hau wurin Darakta.

"Hajiya, yanzu barci ma nakasa ne? Gobe in mai jakar bam ya shigo, takardar likita za ki nuna masa?"

Na sauko na kira likitan. Ya ce shi ciwo ya rubuta, sauran aikinmu ne. Na kasa zama. In tashi, in leƙa ƙofar shiga ta taga, in dawo. A rana ta uku na sa aka kira Baba Modu.

"Baba, in rubuta nakasa?"

"Hajiya, ƙafafun nan suka fito da ni daga daji. Ni ba nakasasshe ba ne. Amma ki cire ni daga ƙofar nan. Ni ma tsoron kaina nake."

Na rubuta a ƙasan fom da hannuna: larura mai hana aikin gadi, ba ta hana aikin tafiya. Darakta ya riƙe fayil ɗin fiye da mako, sannan ya sa hannu aka mai da shi masinja. Da na yi ritaya, na bar shi yana zaga ofisoshi da takardu.

Ku sababbin shiga aiki, kafin ku nema wa mutum gurbi a fom, ku zaunar da shi. Ni sai da na tambayi kowa, sannan na tuna da shi.