Yariman da Ya Zama Mijin Sarauniya

Lokacin da annoba ta sa aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, na koma gidan yayana a unguwar Setapak, a ƙasar Malayu. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ce ke koyarwa a jami'a. Shi kuwa ya ajiye shugabancin wata makaranta a Kano ya biyo ta, a kan takardar zama da ba ta ba shi izinin aiki ba. Kafin kulle, abokansa a masallaci sukan tarbe shi da "Mijin Dakta, an gama wanke-wanke?" Yakan yi dariya tare da su, ya dawo gida ransa a ɓace. Da aka fara maganar jirgin da zai kwashe masu son komawa Najeriya, ya shaida mana zai bi shi, shi kaɗai.

A kwanakin ina karatu a kan tarihin auren sarakuna. Wata rana da hantsi muna gyaran wake, ya tambaye ni abin da ya ɗauke mini hankali haka. Na ba shi labarin wani yarima na tsohuwar ƙasar Rasha, wanda aka kashe mahaifinsa, ya rasa garin da yake mulki, ya fake wurin makiyaya. Daga can manyan ƙasar Jojiya suka ɗauko shi suka aura masa sarauniyarsu. Ya ci yaƙe-yaƙe da sunanta, amma gadon sarauta nata ne. Aka zarge shi da shaye-shaye da mugun hali, ta rabu da shi, ta sallame shi zuwa birnin Kustantiniyya da kyaututtuka. Sau biyu yana dawowa da mayaƙa, bai yi nasara ba. Daga nan tarihi bai ƙara ambatonsa ba.

"Ashe su ma suna da mijin Hajiya," in ji Yaya. Bai yi dariya ba.

A makon ne hukuma ta sanar cewa maigida kaɗai zai riƙa fita cefane. Sunan Anti ne a kan gidan, ita ce kuma ta san kasuwa. Ta fito daga ɗakin da take koyarwa ta kwamfuta, ta miƙa masa jaka da takunkumi.

"Ranka ya daɗe, doka ta ce maigida."

"Ai ke suka sani a ƙofa, Dakta."

"Ni kuwa kai na sani."

Ya daɗe bai dawo ba. Ya ce ya tarar da layin maza zalla, Malayu da 'yan Sin da Indiyawa, kowa na nuna wa matarsa ganye ta waya. Shi bai kira kowa ba. Maimakon citta, ya sayo lengkuas, wata saiwa mai kama da ita wadda Malayu ke sa wa miya. Anti ta shinshina, ta daka ta a haka. Farfesun ya fito da ƙamshin da ban taɓa ji a tukunyar Bahaushe ba, muka shanye shi tas.

Muna wanke kwanuka ya ce, "Yariman nan naka, da ya je Kustantiniyya, wa ya tarar yana jiransa?"

Na ce littattafan ba su faɗa ba.

Ya daɗe yana goge kwano ɗaya. Ranar da jirgin ya tashi, yana kasuwa, ya kira Anti yana nuna mata saiwa biyu a tafin hannunsa, yana tambayar wacce ce tamu.