Baba Gagare, Mai Gane Mota a Tsohon Hoto

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, labari ya same ni a Safana cewa Allah Ya yi wa Malam Sadisu Gagare na Batsari rasuwa. Kafin in sami motar zuwa, har an kai ka makwanci, Baba. Tabarmarka kawai na tarar a zaure, mutane na zaune kewaye da ita.

Ka fara da karen mota, ka zama direba, ka tsufa kana bakanike. Da ƙarfi ya ƙare sai ya rage ido da tunani, mutane suka riƙa kawo maka tsofaffin hotuna. Ko da fitila ɗaya ce ta fito, ko gefen ƙofa, za ka miƙa hoton nesa da fuskarka, ka ce wannan Bedfod ce, waccan Ostin, ka faɗi shekarun da ta yi tana bin hanyarmu. Inda ba ka sani ba kuwa, ko za a kwana ana roƙonka, ba ka ƙirƙira.

A da, idan mai hoto ya zo kasuwar Alhamis, kowa sai ya nemi motar da ke tsaye ya dafa ta a ɗauke shi. Shi ya sa yau rabin gidajen garin Wagini da ke nan ƙasar Batsari ke rantsuwa cewa kakansu ya yi mota. Wani ya taɓa kawo maka hoton kakansa dafe da Landiroba, yana hura hanci. Ka yaba motar, ka yaba rigar kakan, ka yi shiru a kan mai ita. Bayan ya tafi ne ka ce mana tsohon nan ko jaki aro yake yi. Ba ka taɓa kunyata mutum a gaban hoton iyayensa ba.

Ni abin da ya kai ni wurinka ya fi wannan nauyi. Mahaifiyata Baiwa ta rasu ina goye, ban san fuskarta ba. Abin da na gada shi ne hoton wasu mata uku a gaban wata motar katako, da maganar gwaggona cewa tana cikinsu. Wacce ce, ba ta faɗa ba har ta bar duniya. Na girma, na yi aikin jinya, na yi ritaya, ina duban mata uku ban san wadda zan kira uwa ba.

Da na miƙa maka hoton na faɗi sunanta, ba matan ka fara duba ba, hancin motar ka tsura wa ido. Ka ce Ostin ce ta Alhaji Nurain, mai lanƙwasasshen madubi, wadda ta yi kaka ɗaya tak tana ɗaukar gyaɗa daga garin Zakka, kuma kai ne karen motarta. Sannan ka ɗora yatsa a kan ta gefe, wadda ba ta kalli mai hoto ba, ta karkace tana hararar motar.

"Ga Baiwa nan, ɗiyata," in ji ka. "Tsoron motar take yi. Mun yi mun yi ta hau, ta ce ita da ƙafarta Allah Ya yi ta."

Ina da jikoki a lokacin, amma na yi kuka a zaurenka kamar yarinya, ba ka hana ni ba.

Tun daga nan na maida gidanka wurin zuwa. Ko lokacin da hanya ta lalace, mutane na tsoron fita, in na sami dama sai na zo. Ni Kirista, kai Musulmi, ba ka taɓa kirana da wani suna ba sai ɗiyata. Kowane zuwa kana tono mini ɗan abu: yadda take cinikin gyaɗa ba ta ragi, yadda ta biyo motar a ƙasa da ƙwarya a ka, kuna yi mata dariya. Kaɗan ne, amma ban da wani.

A zuwana na ƙarshe na tambaye ka yaya muryarta take. Na ga kana nema, na kuma san ko me ka faɗa zan karɓa.

"Ƙarar Ostin ɗin har yanzu tana kunnena," ka ce. "Amma muryar Baiwa ta ɓace mini. Ki yafe mini, ba ni yi miki ƙarya."

Na yafe, Baba, ko da yake babu laifi. Wannan amsar ce ta tabbatar mini cewa matar da ka nuna ita ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Sadiqa, da ɗanka Umar Faruk da ƙannensa, da direbobin tashar Batsari. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba iyalinka haƙuri. Ni ma a yi mini gaisuwa, domin yanzu babu sauran mai rai da ya taɓa ganin uwata.

Sarah Bulus, Safana