Kamu Ɗaya Sama da Ƙusar Sito

Kawuna magini ne, kuma a unguwarmu ta bakin kogi ba mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Kamu-Ɗaya ake ce masa. Har matarsa, in ya ɓata mata rai, haka take kiransa, tana jan sunan kamar za ta tsinka shi. A hannunsa na tashi tun ina 'yar ƙarama, saboda haka in na ce yana da taurin kai ba gulma na yi ba. Da idona na gani, kuma 'yan gida sun ce ni ma na ɗebo rabona.

Ga inda sunan ya samo asali. A ƙarshen layinmu akwai wani tsohon sito na dutse, kuma a jikin bangonsa akwai wata ƙatuwar ƙusa, daidai gwiwar mutum in yana tsaye. Maigidan da ya koya wa Kawu gini shi ya buga ta, a shekarar da kogi ya yi cikar da tsofaffin lokacin suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Daidai nan ruwan ya tsaya. Kawu ya ɗauki wannan ƙusa ya mai da ita doka. Duk gidan da aka ba shi, kafin ya taɓa bulo sai ya je sito da dogon tiyonsa wanda ake ganin ruwan da ke ciki. A riƙe masa baki ɗaya daidai ƙusar, shi kuma ya ja ɗaya bakin zuwa bango na gaba, inda ruwan ya tsaya ya yi zane da gawayi. Haka zai yi ta bin awon bango-bango har ya isa filin. Can sai ya kafa sanda, ya ɗora gwiwar hannunsa a kan zanen, ya miƙe hannun sama. Inda yatsansa ya tsaya, kamu ɗaya ke nan, nan daɓen ɗaki zai zauna. In mai gida ya yi ƙorafin yawan ciko da siminti, sai Kawu ya naɗe tiyonsa ya ce a nemi wani.

Shi ya sa gidan da Kawu ya gina ba ya ɓuya. Ƙofa tana can sama, matakala kamar za ka hau bene. Tsofaffin matan layinmu sun ci masa mutunci a bayan ido ba adadi saboda ciwon gwiwa. Amma da damina ta yi nisa, ruwa ya malalo titi ya shiga gidajen da wasu suka gina, sai bakin kowa ya mutu. Kawu kuwa ya fito ya zauna a matakalar sama, ƙafafu na lilo, yana gaisa da masu kwasar katifa da wani irin ladabi mai ban haushi. Shekaru da yawa aka yi haka, kuma gaskiya ita ce ruwa bai taɓa shiga ɗakin da ya daɓe ba.

Babban amininsa shi ne Tela. Tare suka yi ƙuruciya, kuma Kawu ne ya gina masa shagonsa da ɗakin kwana a bayansa, ƙofa biyu tsakaninsu da gidanmu. Tela siriri ne, mai sanyin magana, mai ɗan tari tun da can. Keken ɗinkinsa na ƙafa ya girme ni, kuma yana shafa masa mai kamar yadda ake lallaɓa jariri. Kullum la'asar su biyun suna kan matakalar shagon, rediyo a tsakaninsu, suna tsokanar juna.

"Gara ma da Allah ya yi ka da gajeren hannu," in ji Tela. "Da ya ƙara maka tsawo, da tsani za mu riƙa shiga gida."

"Kai da wandon da ka ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, har kana da bakin maganar awo?"

"Ƙafafunka ne ba su daidaita ba, mutumina. Ka auna su da tiyo ka gani."

A 'yan shekarun nan ne rediyon ya fara kawo wata magana da ba a saba jinta a kai a kai ba. Yau a ce wata ƙasa ta yi zafin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa. Gobe a ce wani birni ya sha ruwan wata da watanni a wuni guda. Jibi a ce daji na ci da wuta a inda aka sani da sanyi. Tela ne ya fara lura. Ya ce, "Wai ni wannan 'ba a taɓa gani ba' ɗin, ba ta yi yawa ba kuwa? Da sai mutum ya tsufa bai ji ta sau biyu ba. Yanzu kamar gaisuwa."

Kawu ya ce, "Ƙasashen da ba su da ƙusa ke nan."

Ni kaina na gwada shawo kansa. Na kawo masa wayata na nuna masa wani babban birni, motoci na yawo a kan ruwa kamar robobin wanki. Ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar baya. Na ji daɗi, na ɗauka abin ya shige shi. Sai ya sa yatsa a gefen hoton ya ce, "Dubi ƙofar can, daidai da titi. Wane sakarai ne ya gina wannan?" Ruwan da ya kusa taɓa fitilar kan hanya bai gan shi ba sam, ƙofa ya gani. Raina ya ɓaci har na fizge wayar. Alhali a shekarar nan mu ma an yi zafin da kwaɓin siminti ke bushe masa kafin ya gama shafawa, har ya koma fita aiki da sassafe. Wannan ya yarda da shi, don a hannunsa ya ji. Amma kogi, a wurinsa, ya riga ya faɗi iyakarsa tun tuni.

Tela yana da ɗa guda, direban babbar mota, wanda ke yawo gari-gari yana ganin abin da mu sai a waya muke gani. Ya sami fili a kan tudu, nesa da kogi, yana so ya kwashe mahaifinsa da kekensa kafin ruwa ya sauka. Tela ya ce shi ba ya motsawa sai abin da Kamu-Ɗaya ya ce. Don haka wata la'asar Direba ya zo ya durƙusa a matakalar ƙasa. Ina tsaye a ƙofarmu ina jin komai.

"Baba, ba raina aikinka na yi ba," in ji shi. "Amma na bi ta wuraren da gada ta tafi gaba ɗaya. Mutanen can ma suna da tasu alamar, kuma ruwa ya wuce ta. Ka sa baki tsohon nan ya bi ni."

"Ɗana, shekarunka nawa?"

"Baba, ba maganar shekaru ba ce."

"Tun ba a haife ka ba nake zaune a matakalar nan. Ka taɓa ganin ƙafar ubanka ta jiƙe a cikin shagonsa?"

"Ban taɓa ba."

Sai Kawu ya buga tafin hannunsa a daɓen. "To ka ji, kuma kowa ya zama shaida. Ranar da ruwa ya taka daɓen nan, na ajiye cokalin gini. Ba ni ba bulo har in koma ga Allah."

Tela ya yi dariya ya ce wa ɗansa, "Ka ji ko? Tashi ka je ka huta." Direba ya tashi jiki a sanyaye.

Na san Kawu kamar tafin hannuna, kuma na san ba ƙusa kaɗai ta yi magana a ranar ba. Ya yarda da ƙusarsa, babu shakka. Amma abin da ya sa muryarsa ta yi ƙarfi haka shi ne tsoron la'asar da zai zauna shi kaɗai. Da zai iya buɗe baki ya ce, "Kar ka tafi ka bar ni," da Tela ya san abin da yake zaɓa. Kawu bai iya irin wannan maganar ba, sai ya yi rantsuwa da sana'arsa.

Ruwan da ya zo a daminar nan ba ma a kanmu aka fi yin sa ba. Can saman kogi aka kwana biyu ana zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Da hantsi, rana na haske, kogi ya shigo layi. Kawu ya fito ya zauna a inda ya saba. Wani maƙwabci ya dawo daga wajen sito yana haki ya ce ƙusa ta nutse. Kawu ya ɗaga hannu ya nuna daga gwiwar hannunsa zuwa yatsansa, ya ce, "Saura wannan." Na ce masa, "Kawu, dubi yadda ruwan yake gudu." Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ruwa ya ci matakala ta farko, ya ci ta biyu, bai ko tsaya numfashi ba. Kafin azahar yana kan daɓe, ja wur, da shara da takalman mutane.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar a lokacin ba. Bai shiga gidansa ba, shagon Tela ya nufa. Direba yana can kan hanya, an rufe gada. Tela ya ƙi fita, yana tsaye cikin ruwa har ƙugu yana tura yadin mutane saman kantar shagon, wai amana ce. Su biyu suka yi ta kokawa da keken, tsofaffi biyu da ƙarfe mai nauyi, har ya suɓuce musu ya kife. Sai da masu kwale-kwale suka zo suka fitar da su da ƙarfi. A makarantar da aka tara mu a kan tudu, Tela yana ta rawar sanyi, Kawu ya cire rigarsa ya lulluɓa masa, ya zauna gefensa.

Da ruwa ya janye, ginin Kawu ko tsagewa bai yi ba. Komai na tsaye, sai dai laka har saman taga. Keken Tela ya cika da yashi, tsatsa ta kama shi, makaniki ya duba ya girgiza kai. Tarin Tela ya koma ƙirji. Direba ya ɗauke shi daga asibiti kai tsaye zuwa tudu, kuma ko kallon banza bai yi wa Kawu ba. Ni da ya zage shi ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan wasu makonni Direba ya zo da saƙo. Ya durƙusa kamar wancan karon ya ce, "Baba, tsoho ya ce in gaya maka rantsuwar nan shi aka yi wa, kuma ya yafe ta. Ya ce ka zo ka gina masa ɗan ɗaki a can, ko yaya ka ga dama, ko da tsani zai shiga." Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce a gaishe shi.

Washegari da safe na gan shi ya ɗauki guduma da sabuwar ƙusa. Zuciyata ta yi fari, na ce Kawu zai koma aiki. Na bi shi har sito. Zanen da laka ta bari a bangon yana can sama. Kawu ya miƙa hannu, ya yi ɗage, yatsunsa ba su kai ba.

"Bari in aro maka tsani," na ce.

Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Bar shi, 'yar nan."

"To ai sai an buga sabuwa, Kawu."

"In na buga, wani zai zo ya yarda da ita."

Ya sa sabuwar ƙusar a aljihu. Ya durƙusa da ƙyar, ya saƙala bayan gudumar a tsohuwar, ya ja. Tsatsa ta riga ta gama da ita, sai ta karye a hannunsa ba tare da wata wahala ba.

Bai ƙara riƙe cokalin gini ba. Tiyon yana rataye a bayan ƙofa har ya bushe ya tsattsage. Wani magini ne ya yi wa Tela ɗakin, ƙofa daidai da ƙasa saboda ƙafafunsa sun yi rauni. Na yi ta fama da Kawu ya je ya gan shi, na roƙa, na yi faɗa, kullum sai ya ce gobe. Kunya ce ta hana shi, kuma har yau ina jin haushin kunyar nan, don Tela ba ya riƙe da shi da komai, jiransa kawai yake yi. Ranar da Kawu ya hau tudun a ƙarshe, gaisuwar rasuwar Tela ya je.

Yanzu in la'asar ta yi yakan fito da rediyon ya zauna a matakalar shagon, wanda ke rufe tun lokacin. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, sai na riƙe masa hannu yake hawa matakalar da ya gina. In mai labarai ya ce an yi zafi ko ruwa a wata ƙasa wanda ba a taɓa gani ba, Kawu ba ya musu. Yakan juya gefen da Tela ke zama kamar zai ce wani abu, sannan ya rage sautin rediyon.