Kunya shida a gonar Baba

Ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun inganta irin shuka, aka shiga yajin aiki a farkon damina. Na dawo garinmu kusa da Kwatarkwashi da jakar kaya da wani ƙullin irin gero da na roƙa a gonar gwaji ta makaranta. Gajere ne, mai saurin nuna. Na riƙa yabonsa a gida kamar ni na ƙera shi, har Baba ya gaji da surutuna ya ba ni kunya shida a gefen gonarsa na shuka. Ya tsiro ke nan aka janye yajin, na koma makaranta.

Geron Baba kuwa ba irin na kasuwar Gusau ba ne. Dogo ne, zangarniyarsa tana da gashi, tsuntsaye ba sa iya sauka a kanta. Daga hannun kakana ya karɓe shi, kuma duk shekara da kansa yake zaɓen zangarniyar iri ya rataye a rumbu. Mutane har daga Rawayya da Kucheri suke zuwa neman mudu guda. Baba mutum ne mai faɗa, amma a kan geron nan faɗansa daban ne.

Sai bayan girbi malaminmu ya zo kan gero a aji. Ya ce gero ba ya yawan haihuwa da bununin kansa, iska ce ke ɗauko na maƙwabci ta zuba masa. Iri biyu in suka yi fure kusa da juna, 'ya'yan sun gauraye, kuma ido ba zai gane ba sai an shuka baɗi. Nan take na tuna gonar Baba. Tsakanin kunyoyina shida da geron Baba ko taku ɗaya babu, kuma nawa ba shi da gashi ko ɗaya.

Na ji tsoro, tsoro na gaske. Kwana uku ba ni da wani tunani sai wannan. Ina ganin baɗi, gona ta fito dogo da gajere, tsuntsaye sun sauka, mutanen da suka karɓi iri suna sallama a ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsira daga fari a hannun kakana, ni da karatuna na ɓata shi a damina guda. Na ji haushin malamin ma, da bai faɗi wannan tun a shekarar farko ba, alhali laifin na rawar kaina ne.

Ranar Juma'a na shiga mota. Muna wuce Tsafe na fara ganin damman gero a kan amalanke. Da duwatsun garinmu suka bayyana, saura kaɗan in ce wa direba ya zarce da ni Gusau.

Na tarar da Baba a gindin rumbu bayan la'asar, yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni, sai na ga fuskarsa ta canza.

"Lahiya? Mi yak kawo ka ba a yi hutu ba?"

Na ce, "Baba, a kan geron nan ne da na shuka."

Ya ajiye igiyar. Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai a gabana ba sai ranar. Na daure na yi masa bayanin iska da bununi, na ce ina jin na lalata masa iri.

Baba ya ce, "Hatsin naka bai yi bununi ba. Shina hidda kai na bi shi da lauje, na ba shanu. Ai ko shibra, hatsin daji mai hitowa da kainai, ba mu bari ta yi hure cikin gona, balle baƙon hatsi."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ina so in yi dariya, ina so in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba.

Inna, mahaifiyata, ta leƙo daga madafa ta ce tun ranar da ya yanke geron bai sake samun sukuni ba, gani yake kayan makaranta ya ɓata. Sau biyu yana sa a rubuta mini wasiƙa, yana hana a aika.

Baba bai ko dube ta ba. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Hwaɗa mani gaskiya. Ba su kore ka daga makaranta don wanga ba dai ko?"