Waƙar Ruwa ta Amram

Kakana Yamin mai sayar da yadi ne a bakin kogi a birnin Belém. Gajere ne mai yawan tari, amma ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki, idan ya miƙe a majami'armu ta Yahudawa zai rera waƙar roƙon ruwa, har yara sukan yi tsit.

A garinmu kusan kullum sai an yi ruwa, don haka ba ya rasa masu tsokana.

"Seu Yamin, ka sassauta bana, rufina yana yoyo!"

"Ba don rufinka nake roƙo ba," yakan ce. "Don ƙasar kakanni ne. Je ka nemi kafinta."

An bar masa wannan waƙa ne saboda kowa ya san ta gidanmu ce. Mawaƙan addu'a na dā sukan saƙa sunansu a haruffan farkon baitoci. Idan ka bi na wannan waƙa daga sama zuwa ƙasa da Ibrananci, sai su ba ka Amram, sunan mahaifin Kaka, wanda ya zo daga garin Tetuwan. Kaka ya ce yana yaro mahaifin ya kama yatsansa ya bi da shi kan haruffan, ya yi murmushi, bai ce komai ba. Daga wannan murmushi Kaka ya gina sauran, cewa mahaifinsa ne ya yi waƙar. Mu jikoki ma haka yakan kama yatsunmu ya bi da su kan haruffan. Har a kan dutsen kabarin mahaifin ya sa aka sassaƙa: mai waƙar ruwa.

Shekarar da na gama sakandare aka yi baƙo, wani tsoho mai suna Nissim, haifaffen birnin Halab. Ina sama wajen mata, kusa da kakata Sultana. Kaka ya fara baiti na farko, sai muka ji wata murya tana biye da shi. Karin ya bambanta, amma kalmomin su ne, ba kuskure ko ɗaya. Baƙon ya rufe ido yana hawaye.

Da aka fito ya rungume Kaka.

"Ɗan'uwa, ka mayar da ni gida! A cinyar kakana na koye ta."

"Kakanka ya san mahaifina ne?"

"Wane ne mahaifinka?"

"Amram. Shi ya yi ta."

Tsohon ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "To, mahaifin naka ya sha miya! Wannan Amram ɗin a Galili ya rayu, shekara fiye da dubu ke nan."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Mutane suka shiga gyara hula suna kallon ƙasa. Ni ma na sunkuyar da kai, kamar ni aka kama.

A gida Kaka bai taɓa abinci ba. Kakata ta tura masa kwanon kifi da garin rogo.

"Ci, ɗan mawaƙi."

"Sultana, bari."

"Uban naka ya taɓa ce maka shi ya yi?"

Ya ce, "Bai taɓa ba."

Da idi ya zagayo ya aika wa shugabannin majami'a cewa su ba wani waƙar. Suka ce ba wanda ya iya karin Tetuwan sai shi. Idan ya ƙi, sai dai a karanta ta kamar labari. Ranar, da aka zo kan waƙar, kowa ya tsaya yana jiransa. Can ya miƙe, ya ja mayafin addu'a ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, ya rera daga ciki. Haka ya riƙa yi har ya rasu, kuma bai sake kama yatsan wani jika ya bi da shi kan haruffan ba.

Dutsen kabarin mahaifinsa yana nan yadda yake. Kakata ta hana a kankare, ta ce ba a tayar wa mamaci hankali. Kafin Kaka ya rasu, duk lokacin da na raka shi ziyara, sai ya ɗora tsakuwarsa a kan kabarin bisa al'ada, sannan ya tsaya daidai inda jikinsa zai tare layin ƙarshe, wanda ya sa aka sassaƙa.